Filin Tambaya da Amsa: Tallan antibayiros da ya ƙi barin allon kwamfuta

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: saƙo na faɗowa a allon kwamfutar gida yana cewa ta kamu da bayiros ko kariyarta ta ƙare, a rufe shi ya sake dawowa. Da muka karanta su a tsanake sai muka ga kukan ne ɗaya, ciwon kuwa kala-kala ne, kowanne da maganinsa. Sunayen wuraren da za a danna mun bar su kamar yadda suke a rubuce a allo, don kada mai nema ya ɓata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata mai Windows 10 ce. Sati biyu ke nan, duk bayan 'yan mintoci sai wani ɗan akwati ya ɓullo ta ƙasan allo a hannun dama, da jan tambarin McAfee, yana cewa an gano bayiros biyar, in danna in sabunta. Ni kuwa ban taɓa saka McAfee ba. Na kai wa mai gyara ya bincika bai ga komai ba. Ina mafita?
Malamin makaranta, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran bai ga komai ba ne saboda babu abin da zai gani. Alamomin da ka lissafa na nuna cewa ba McAfee, kamfanin antibayiros (manhajar da ke kare kwamfuta daga bayiros), ke maka magana ba, wani shafin intanet ne ya ari tambarinsa, yake turo maka sanarwa ta burawuzar da kake shiga intanet da ita.

Ka tabbatar da kanka. In akwatin ya sake fitowa, kada ka danna cikinsa, ka dubi ƙananan rubutun da ke sama ko ƙasan saƙon. Za ka ga an rubuta Google Chrome ko Microsoft Edge, kusa da shi kuma adireshin wani shafi, galibi suna mara ma'ana mai ƙarewa da .xyz ko .top ko .click ko ma .com. Rubuta sunan a takarda. Antibayiros na gaske ba ya aiko da saƙo ta hannun Chrome, da sunansa yake zuwa.

Yadda abin ya shigo kuwa shi ne, tun 2015 Chrome ta ba shafuka damar turo sanarwa, amma sai mai kwamfuta ya yarda. Neman yardar shi ne ɗan akwatin nan da ke fitowa a saman allo ta hagu, mai Allow da Block. Shafukan sauke fim kyauta, na kallon ƙwallo kai tsaye da na manhajojin sata sun gano dabara: sai su ce danna Allow don bidiyo ya fara, ko don ka nuna kai mutum ne ba na'ura ba. Kai ko wani yaro a gida ya danna sau ɗaya, shi ke nan an ba su makullin ƙofa. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru masu Windows na Faransanci, kalmomin su ne Autoriser da Bloquer, sauran duk iri ɗaya ne.

Batun bayiros biyar ƙarya ce tsagwaronta. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa fayilolin da ke cikin kwamfutarka, an riga an rubuta lambar ne, kowa ita yake gani. Idan ka danna, ɗayan uku ne: ko a kai ka shafin sayar da antibayiros na gaske ta wata mahaɗa da za ta sa mai damfarar ya ci la'ada, ko a kai ka shafin bogi mai neman lambar katin banki, ko a sa ka sauke wata manhaja da za ta zame maka ciwon gaske.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Buɗe Chrome, a wurin rubuta adireshi ka rubuta chrome://settings/content/notifications ka danna Enter. Gangara ƙasa zuwa inda aka rubuta Allowed to send notifications. Duk sunan da ba ka sani ba, danna ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi Block. Ka lura, akwai Remove a wurin, kuma yawancin mutane shi suke zaɓa. Remove yana share izinin ne kawai, shafin na iya sake roƙo gobe, Block kuwa rufe masa baki ne gaba ɗaya. Kada ka tsaya a kan sunan da ka rubuta a takarda, don sau da yawa akan tarar da guda huɗu ko biyar a jere. Daga nan ka koma sama ka zaɓi Don't allow sites to send notifications, yadda babu shafin da zai ƙara tambaya. Waɗanda kake so, irin su WhatsApp Web da Gmail, ka bar su a jerin da aka yarje wa, za su ci gaba da aiki.

A Edge adireshin shi ne edge://settings/content/notifications, in kuma sabon zubinta ya canza wurin, buɗe Settings ka rubuta notifications a akwatin bincike. A Firefox ka bi Settings, Privacy & Security, Permissions, Notifications, ka toshe shafukan, sannan ka sa alama a Block new requests asking to allow notifications. Kowace burawuza da jerinta, kuma idan mutum biyu ko uku ke da asusunsu daban-daban a Chrome ɗaya, sai an bi kowanne.

Abu biyu na iya sa ka zaci gyaran bai yi ba. Na farko, tsofaffin saƙonnin da suka taru a ma'ajiyar sanarwa ta Windows suna nan. Danna maɓallin Windows da A tare, ko Windows da N idan Windows 11 ce, ka zaɓi Clear all. Na biyu, Chrome kan ci gaba da aiki a ɓoye bayan ka rufe ta, shi ya sa saƙon ke fitowa ko kana cikin Word. A Settings ɗinta, ƙarƙashin System, kashe Continue running background apps when Google Chrome is closed. Wannan ma zai rage maka cin batiri.

Tambaya: Salam. Na sayi sabuwar laftof a kwali wata biyu da suka wuce. Antibayiros ɗin da ya zo a cikinta ya fara cewa lokacinsa ya ƙare, in biya da dala. Nawa ba na bogi ba ne, don in na danna manhajar ce ke buɗewa. Dole ne in biya? In ba dole ba ne, yaya zan yi ya bar ni in huta?
Wata ma'aikaciyar asibiti, daga Kaduna

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne. Kamfanonin da ke ƙera laftof, irin su HP da Dell da Lenovo, sukan saka McAfee ko Norton na gwaji, galibi na kwana 30, bisa yarjejeniyar kasuwanci da ke tsakaninsu. In kwanakin suka cika, manhajar ta daina sabunta kanta, abin da ya rage mata shi ne roƙo. Amma tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kowace Windows tana zuwa da cikakken antibayiros nata, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender, kyauta, ba ya ƙarewa, ba ya talla. A ganinmu, ga kwamfutar gida da ake rubutu da kallo da shiga banki da ita, shi kaɗai ya wadatar, muddin ana barin Windows ta riƙa sabuntawa.

Tsarin kuwa shi ne, da zarar an saka wani antibayiros, Defender yakan ja da baya ya bar masa fili. In wancan ya ƙare ko an cire shi, Defender yakan dawo da kansa. Matsala na faruwa ne idan an yi cirewar rabi da rabi, sai Windows ta ɗauka har yanzu akwai mai gadi, alhali babu. Don haka kada ki yi abin da wasu ke yi na neman jakar manhajar a Program Files su jefa ta a Recycle Bin. Antibayiros yana kafa saiwa a can cikin Windows, har a hanyar da intanet ke bi. A tsinke ganye a bar saiwa, ƙarshenta intanet ta ƙi aiki ko Defender ya ƙi tashi.

Ga hanyar da ta dace. Danna Windows da R tare, ki rubuta appwiz.cpl, ki danna Enter. Jerin duk abin da aka saka zai fito. Nemo sunan, danna shi, ki zaɓi Uninstall. Zai yi ta magiya, yana rage kuɗi, yana tsoratarwa cewa za ki zauna ba kariya, ki ci gaba kawai. Ki duba ko yana da 'yan'uwa: McAfee kan zo da WebAdvisor a matsayin manhaja daban, wani lokaci da Security Scan Plus, kuma in an bar su za su ci gaba da tallan. Shi Security Scan Plus ɗin ma sau da yawa yana shigowa ne ta wani ɗan akwati mai alama a shafin sauke Adobe Acrobat Reader. In kin gama, ki kashe kwamfutar da Restart, ba da rufe murfi ba.

Bayan ta tashi, ki share ragowar da kayan aikin da kamfanin da kansa ya tanada. Na McAfee sunansa MCPR. Na Norton shi ne Norton Remove and Reinstall, kuma a nan sai an kula: ki shiga Advanced Options ki zaɓi Remove Only, in ba haka ba cirewa zai yi ya sake mayar miki da shi. Na Avast shi ne Avast Clear, na AVG kuma AVG Clear, sun fi aiki idan an bar su sun tayar da kwamfutar a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwanta kaɗai, kamar yadda za su nema. Daga shafin kamfanin kaɗai za ki sauke su. In kin bincika a Google, ki tsallake sakamakon farko masu alamar Sponsored, don 'yan damfara na sayen wannan gurbin.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Danna Start, rubuta Windows Security, shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings, ki tabbata Real-time protection a kunne yake. Koma baya ki danna Check for updates a sashen sabunta kariya, sannan Quick scan. In kika ga koren alama, kin gama.

Ga wanda ya riga ya taɓa biya da kati: cire manhaja ba ya soke biyan kuɗi. Yawancinsu sun saita sabuntawa ta kai tsaye, shekara na zagayowa su ciri kuɗi, galibi fiye da na shekarar farko. Sai an shiga asusun a shafinsu an kashe auto-renewal.

Wanda kuma yake son antibayiros ɗinsa, tallan ne kawai ya dame shi, akwai sassauci. A Norton, cikin Settings akwai Special Offer Notification, a kashe shi. A Avast, ƙarƙashin Settings, General, Notifications, akwai Silent Mode, amma a sani shi wannan ba ya bambancewa, har gargaɗin gaske yakan danne. Kashe sanarwa daga Settings na Windows ba ya cika yin tasiri a kansu, saboda tagoginsu da kansu suke zanawa. Na kyauta kuwa, kada a sa ran zai yi shiru har abada, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tallan shi ne kuɗin da kake biya, wani lokaci ma har da ƙari: a 2020 an bankaɗo cewa Avast na sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga ta wani reshensa mai suna Jumpshot, ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5.

Tambaya: Ƙanena yana kallon ƙwallo sai allon ya cika da shuɗin shafi mai tambarin Microsoft, ƙararrawa na kaɗawa, wata murya na cewa an kulle kwamfutar, kada a kashe, a kira wata lamba. Linzamin ya ƙi motsi. Mun zare waya mun cire batiri, da muka kunna muka buɗe Chrome sai ya dawo.
Ɗaliba, daga Sakkwato

Amsa: Malama, ba a kulle komai ba. Shafin intanet ne ya baje kansa ya cika allo, ya ɓoye kibiyar linzami, ya saki sauti. Microsoft ba ya saka lambar waya a saƙon gargaɗinsa, don haka duk inda kika ga gargaɗi haɗe da lambar da za a kira, damfara ce.

Danna maɓallin Esc ki riƙe shi kamar daƙiƙa uku, kada ki saki da wuri, don irin waɗannan shafukan sukan hana dannawa ɗaya yin aiki. In allon ya koma daidai, rufe shafin da Ctrl da W. In ya ƙi, gwada Alt da F4. In shi ma ya ƙi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, zaɓi Google Chrome ki danna End task. Dalilin da ya sa ya dawo muku kuwa shi ne, bayan kashewar ba-zata Chrome kan tambaya ko a maido da shafukan da ke buɗe, ku kuma kun danna Restore, ko kuma an saita ta ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ki rufe wannan tambayar da alamar X, sannan a Settings, On startup, ki zaɓi Open the New Tab page. A daina cire batiri kuma, kashe kwamfuta tana tsakiyar rubuta fayil shi ke lalata Windows.

Idan da an kira lambar, ga abin da kan biyo baya: wani zai ce shi injiniya ne, ya sa a sauke AnyDesk ko TeamViewer, a karanto masa lambar da ta fito. Waɗannan manhajoji ne na halal da masu gyara ke aiki da su daga nesa, amma ba wa baƙo lambar daidai yake da miƙa masa kwamfutar a hannu. Duk wanda ya kai nan, ya kashe intanet ɗin nan take, ya cire manhajar ta appwiz.cpl, ya canza kalmar sirrin imel da ta banki daga wata na'urar daban, imel ɗin da farko, don ta nan ake sake saita sauran. In an ba da lambar kati, a toshe katin ta manhajar banki ko lambar gaggawarsu kafin a yi komai, a kuma je reshe a karɓi sabo.

Tambaya: Na toshe sanarwar Chrome kamar yadda ake cewa, amma da na kunna kwamfutar sai Chrome ta buɗe da kanta a shafin tallan antibayiros. Akwai kuma wani mai gadi da ban san lokacin da ya shigo ba. Kwamfutar ta hannu ce, na saye ta an riga an cika ta da manhajoji.
Mai shagon ɗinki, daga Kano

Amsa: Alhaji, naka ya wuce izinin sanarwa. Akwai manhajar talla zaune a cikin kwamfutar, kuma irin wannan sai an bi ta lungu-lungu, domin ba wuri ɗaya take ɓuya ba. Kwamfutocin hannu da ake "lodawa" kafin a sayar sukan zo da Windows da Office da aka buɗe da manhajar sata irin su KMSpico, wadda ba ta shiga sai an kashe Defender, kuma kwafinta da ke yawo a intanet da yawa na ɗauke da baƙi a ciki.

Fara da appwiz.cpl, ka danna kan layin Installed On don jerin ya bi kwanan wata. Dubi abin da ya shigo a ranar da damuwar ta fara. Duk mai suna irin na gyaran direba (driver, manhajar da ke sarrafa sassan kwamfuta), saurin kwamfuta, share datti, ko wani antibayiros da ba kai ka saka ba, cire shi. Wasu, kamar RAV Endpoint Protection, sukan shigo ne a goye da wata manhaja ta kyauta, lokacin da ake danna Next, Next ba tare da karantawa ba. Ka bar duk abin da ke da sunan Microsoft Visual C++, Intel, Realtek, AMD ko NVIDIA, na aikin kwamfutar ne. Sunan da ka yi shakka a kansa, bincika shi a wayarka kafin ka taɓa.

Sai abin da ke tashi tare da kwamfuta. Buɗe Task Manager, shiga Startup, duk wanda ba ka gane ba, musamman wanda gurbin Publisher ɗinsa babu komai, danna Disable. Wannan ba gogewa ba ne, in ka yi kuskure kana iya mayarwa. Daga nan danna Windows da R ka rubuta taskschd.msc, ka danna Task Scheduler Library. A nan ne aka fi samun mai buɗe Chrome da kanta. Danna kowane aiki ka dubi sashen Actions. In ka ga chrome.exe ko msedge.exe ko cmd ko powershell tare da wani adireshin intanet a bayansa, an kuma saita shi ya tashi duk lokacin da aka shiga ko duk bayan minti talatin, shi ne ɓarawon, yi masa Disable ka gani, in tallan ya tsaya sai ka goge. Ayyukan sabunta Google da Edge da OneDrive na gaske ne, kada ka taɓa su.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yau take ci. Danna hoton Chrome da ke kan allo da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, dubi layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe da alamar rufe zance. In akwai adireshi a bayan haka, share shi ka danna OK.

Sannan ka rubuta chrome://extensions ka cire duk ƙarin (extension, ƙaramar manhajar da ake maƙala wa Chrome) da ba kai ka saka ba. In wani ya ƙi ciruwa, ko ka ga an rubuta Managed by your organization a ƙasan jerin Chrome alhali kwamfutar gida ce, to an dasa mata doka daga cikin Windows, kuma chrome://policy zai nuna maka ita. Wasu antibayiros na gaske ma kan jawo wannan rubutun, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Maganinsa mafi sauƙi shi ne AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes. Kyauta ne, ƙarami ne, ba a ma girka shi, buɗewa kawai ake yi. Danna Scan Now, ka duba abin da ya kamo, ka tura su Quarantine, ka yi Restart. Bayan haka a Chrome ka bi Settings, Reset settings, Restore settings to their original defaults. Ba zai goge kalmomin sirri da shafukan da ka adana ba, amma zai kashe duk ƙari ya maido da shafin farko. Idan kana shiga Chrome da asusun Google a wata kwamfutar, ka cire mugun ƙarin a can ma, in ba haka ba zai biyo asusun ya dawo.

Rufe da Microsoft Defender Offline scan, yana cikin Windows Security, Virus & threat protection, Scan options. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kafin Windows ta buɗe, lokacin da bayiros bai samu damar ɓuya ba. Yakan ɗauki kamar minti 15, don haka ka sa caji, ka adana aikin da ke buɗe. Kafin nan leƙa Manage settings, can ƙasa a Exclusions: masu loda manhajar sata sukan saka jakunkuna a wurin don kada Defender ya duba su, wani lokaci ma faifan C gaba ɗayansa. Cire duk abin da ka tarar. In kuwa Windows Security ta ƙi buɗewa sam, ko an cire ta, kada ka ɓata lokaci. Kwashe hotunan ɗinkinka da takardu a filashi, a sake saka Windows sabuwa daga kwafin da aka sauke a shafin Microsoft.

In yara na taɓa kwamfutar, buɗe musu asusu na daban a Settings, Accounts, ka bar shi a Standard User. Mai irin wannan asusun ba zai iya girka yawancin manhajoji ba sai da kalmar sirrinka.

Tambaya: Ina da Smadav da Avast da wani na uku, saboda filashin da nake kaiwa shagon buga takardu. Kwamfutar ta yi nauyi, kowanne da nasa tallan. Wanne zan cire?
Ɗalibin jami'a, daga Maiduguri

Amsa: Ɗan'uwa, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Manyan antibayiros biyu masu gadi a kowane lokaci sukan yi rububin duba fayil ɗaya a lokaci ɗaya, wani ma ya kama ɗan'uwansa a matsayin bayiros. A kwamfuta mai RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da ita. Zaɓi ɗaya, mu da Defender za mu bar ka. Smadav ɗan Indunusiya ne, masu shi da kansu sun ce mataimaki ne na biyu, an yi shi ne musamman don filashi, yana iya zama tare da wani, amma na kyautarsa zai ci gaba da nuna maka tayin Pro, wato zubinsa na kuɗi.

Abin da filashinka ke kwasowa a shagunan nan galibi bayiros ɗin nan ne mai ɓoye jakunkuna ya bar hotunansu masu 'yar kibiya. Kada ka danna su, dannawar ce ke tayar da shi. Danna filashin da maɓallin dama ka sa Defender ya bincika shi, sannan ka danna Windows da R ka rubuta cmd ka danna Enter, a baƙar tagar da ta buɗe ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, amma ka sauya E da harafin da filashinka ya fito da shi. Fayilolinka za su bayyana, sai ka goge masu kibiyar. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne ka riƙa tura wa mai shagon takardar a matsayin PDF ta WhatsApp ko imel, filashinka ya zauna a gida.

Tambaya: Wani babban saƙo na cika min allo yana cewa Windows 10 ta zo ƙarshe, in koma Windows 11. Shi ma na 'yan damfara ne?
Mai karatu, daga Damagaram

Amsa: Malam, wannan kam yana iya zama na gaske. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yana nuna irin wannan saƙon. Yadda za ka bambance: na gaske ba ya ƙara, ba ya ba da lambar waya, ba ya cewa ka kamu da bayiros, kuma yana da wurin da za ka danna ya tafi. Don ka tabbata, rufe shi ka shiga Settings, Update & Security, Windows Update da kanka, in gaskiya ne za ka tarar da bayanin a can.

Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, toshe ɓarakar tsaro ne aka daina yi mata, kuma sayen antibayiros ba ya maye gurbin wannan. Windows 11 na buƙatar RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, guntun tsaro TPM 2.0, da firosesa na Intel zubi na takwas zuwa sama ko takwaransa na AMD. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗa maka ko taka ta cancanta, in ta cancanta komawar kyauta ce. Laftof ɗin hannu da yawa da ke kasuwanninmu zubi na huɗu zuwa na shida ne, ba za su tsallake ba. Ga irinsu akwai shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda a 2025 Microsoft ya sanar cewa zai ba kwamfutocin gida gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ana shiga ta wannan shafin na Windows Update, amma sai Windows ɗin ta kasance zubin 22H2. Rubuta winver a akwatin Windows da R, zai nuna maka zubin da kake kai.